Dokar sauraren waya: Ƙuri'ar da ba ta da suna

A Sabon Tasha, inda masu garkuwa da mutane suka sha kiran iyalai ta waya suna neman kuɗin fansa, ba a musun amfanin bin diddigin kira. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hakan: sashe na 38 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan masu layi na shekara biyu, na 39 kuma ya halasta sauraren sadarwa da izinin alƙali.

Sai dai da wannan dokar aka gurfanar da ɗan jarida Luka Binniyat a 2021, kan rahotonsa game da kisan Madamai a Kudancin Kaduna. A 2020 Kotun ECOWAS ta riga ta ce sashe na 24 ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, amma sai a 2024 aka gyara shi.

Matsalar tana zauren majalisa. Galibin dokoki da ƙuri'ar murya ake zartar da su, ba a rubuta sunan kowa. Mai zaɓe a mazaɓar Chikun/Kajuru ba shi da hanyar sanin matsayin wakilinsa. Dokokin majalisa sun ba ɗan majalisa damar neman a ƙirga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya. Hadiman da ke shirya masa takardu su ne suka fi kusa da tunatar da shi.