Jitar gwangwani ta autana

Makon jiya autana ya haɗa jita da gwangwanin madara, katako da wayar birkin keke, ya lafta mata ragowar fentin mai. Na tarar zai wanke hannu da fetur a gefen murhu. Gabana ya faɗi!

Uwargida, kada ki hana naki, ki zauna ku yi tare. A kwance wayoyin, a danƙare bakin gwangwanin mai kaifi, a goge shi da katakon da samfefa. Fentin ruwa ya fi, a tsakar gida. Shafi biyu siri-siri, na farko ya bushe tukuna. Mai kauri yana kashe amon. Fentin mai kuwa, man gyaɗa da sabulu na fitar da shi daga hannu.

Tamu shuɗiya ce, ta raba ni da barcin rana. Naku yaran me suka ƙera?