Ɗan Kwangilar Ƙarya da Wutar Sudan



Tun ba a kaɗa gangar zaɓen 2027 ba, an riga an ɗauki ma'aikata. Ma'aikacin da nake nufi ba ya manna fasta, ba ya jera kujeru a filin taro. Yana cikin ɗaki da waya biyu ko uku jone da caja, ana saka masa data, ana jefa masa ɗan na cefane. Aikinsa guda ne, ya samo abin da zai tafasa muku zuciya. Ni ɗan kwangilar ƙarya nake kiran sa. Sojojin baka da muka sani a rediyo, kowa ya san muryarsu da unguwarsu, in sun wuce gona da iri akwai mai ja wa tashar kunne. Ɗan kwangilar ƙarya ba shi da fuska. Sunansa na aro, hotonsa na aro.

Ku duba yadda yake sana'arsa. Zai tono tsohon bidiyo na wata ƙasa, gidaje na ci da wuta, mata na kururuwa. Ya goge muryar asali, ya ɗora tasa da Hausa. Ya fara da salati, muryarsa na rawa kamar mai kuka, ya ce yanzun nan aka far wa 'yan'uwanmu a gari kaza, ya rufe da cewa duk wanda ya ji ya tura wa wasu don Allah. Kafin mai shayi ya gama soya ƙwai, saƙon ya zagaye teburin, ya shiga zauren WhatsApp na dangi, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai. Ba wanda ya tsaya ya dubi lambar motar da ke cikin bidiyon, ko rubutun da ke jikin shago, ko irin kakin da ke jikin masu bindiga.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A Filato ta yi 'ya'ya. A watan Yunin 2018, hotunan gawarwaki suka cika Facebook da sunan kisan da aka yi a yankin Gashish. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano cewa wani bidiyon da aka yaɗa ba a Najeriya ma aka ɗauke shi ba, na Kongo Brazzaville ne tun 2012. Amma kafin gaskiya ta fito, an tare hanya an kashe matafiya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wanda ya ɗora bidiyon yana gida lafiya lau. Ɗan kwangilar ƙarya kullum yana gida lafiya lau.

Mai son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Sudan. Kuma a nan zan ɗan dakata, domin abin yana ci mini rai. Mun san jadawalin wasan ƙwallon Ingila, mun san wane ɗan siyasa ya sauya sheƙa jiya da dare, amma kaɗan ne a cikinmu za su iya faɗin abin da ya sami 'yan'uwanmu na Sudan. Na ce 'yan'uwanmu, kuma ba kara nake yi ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogin Blue Nile, kusa da Sennar, a garin Mai Wurno da har yau yake amsa sunansa. Alhazan ƙafa da guzuri ya ƙare musu a hanya suka zauna a Kassala da Gadarif da Wad Madani, suka yi noman auduga a Jazira, jikokinsu na jin Hausa har gobe. Ɗalibanmu nawa suka yi karatu a Jami'ar Afirka da ke Khartoum? Mun ga yadda aka kwaso su a 2023, wasu ta iyakar Masar bayan kwana da kwanaki a cikin rairayi, wasu ta Port Sudan.

A watan Yulin 2022, tun kafin babban yaƙin, rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu. An kashe sama da mutum 100. A watan Oktoba aka sake, a Wad al-Mahi, aka kashe wajen 200. Kafin a zaro wuƙa, sai da aka yi ta wasa ta da baki, a majalisu da shafukan sada zumunta: waɗannan baƙi ne, ba su da ƙasa a nan. Mutanen da kakanninsu suka haura shekara ɗari a wurin! Wannan kalma ta baƙo da ɗan ƙasa, ashe ba ita ce ɗan kwangilar ƙarya yake wasawa a Jos da Kudancin Kaduna da Legas duk lokacin zaɓe ba?

Ranar 15 ga Afrilun 2023 sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hemedti suka gwabza a Khartoum. Daga nan sama da mutum miliyan 12 suka bar gidajensu. Dubun-dubata suka tsallaka zuwa garin Adre na Chadi da abin da kai zai iya ɗauka. A watan Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam. A ƙarshen Oktoban 2025 birnin El Fasher ya faɗa hannun RSF bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi, kuma masu kisan da hannunsu suka ɗauki bidiyon ta'asarsu suka ɗora a intanet. Jinin bayin Allah ke nan, kuma irin wannan jini ne jarin ɗan kwangilar ƙarya. Bai taɓa tara wa 'yan gudun hijira ko naira ɗaya ba. Gawarsu kawai yake so, ya sauya mata gari, ya sayar wa uban gidansa.

Kuma kada wani ya ce mini yara ne ke wasa da waya. Yaran su ne ke biyan bashin. Yunwar da ta fitar da mutane zanga-zanga a nan Najeriya a watan Agustan 2024 gaskiya ce, ba wanda zai musa. Amma yaron da ya ɗaga tutar Rasha a Kano ko Kaduna, wa ya nuna masa ita, wa ya ce masa ita ce mafita? An kama telolin da suka ɗinka tutar, an kama yara, muka ga wasunsu suna zubewa a kotu a Abuja a watan Nuwamba saboda galabaita. Wanda ya zuga su daga bayan waya bai kwana ko ɗaya a tsare ba.

To mece ce mafita? Ba rufe intanet ba ce. An rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane suka bi ta bayan gida da VPN, ƙarya ba ta ragu ba. A Sudan da layukan sadarwa suka ɗauke a Fabrairun 2024, waɗanda suka fi shan wuya su ne matasan unguwa masu dafa abincin sadaka, domin ta manhajar banki a waya 'yan'uwa na waje ke turo musu kuɗi. Muna da dokar laifukan intanet tun 2015, an gyara ta a 2024. A bi sawun kuɗin da ita, a gano mai biyan kwangilar, a daina huce haushi kan ɗan jaridar da ya sa sunansa a ƙarƙashin rubutunsa.

Sai dai ɗan kwangilar ƙarya ba shi da ƙafa. Mu ne ƙafarsa. Ni da kai da ke, da babban yatsan da ke danna tura. Alhaji mai zauren dangi, kai ka buɗe shi, kai za ka iya goge saƙo ka tambayi wanda ya turo inda ya samo. Hajiya, in an ce an kai hari garin su wance, kira wance tukuna. Malamanmu, aya ta 6 ta Suratul Hujurat da ta umarce mu da bincika labari kuna karanta mana ita, ku fito fili ku ce saƙon murya ma labari ne. 'Yan siyasa masu ɗaukar irin waɗannan ma'aikata, ku sallame su tun yau. Ku kuma masu sauraro, duk bidiyon da ya zo muku ba rana, ba wuri, ba sunan wanda ya ɗauka, ku bar shi ya mutu a wayarku. Ku kuma sa 'yan'uwanmu na Sudan a addu'a, wanda ke da hali ya taimaka musu.