Masu Cewa "Zan Kai Shi Ƙara Gida" Ku Saurara



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu na Agege da Idi Araba da Sabon Ibadan. Da zarar wani ya karɓi kaya bashi ya ƙi biya, sai ka ji mai kaya yana cika baki: "Ka bar ni da shi, gida zan kai shi ƙara, can zai gane kurensa." Nufinsa ya je Kano ko Sakkwato ya shigar da ƙara, a jawo mutumin daga Legas. In lauya ya ce masa hakan ba zai yiwu ba, sai ya ce an tsara doka ne don a cuci baƙo. Ni ɗan ɗan kasuwa ne, a rumfar wake na tashi, kuma ina faɗa da babbar murya cewa wannan doka gata ce a gare mu.

Ga yadda abin yake. A ƙa'idojin manyan kotunan jihohi, rigimar fili ko gida ana kai ta ne inda filin yake. Rigimar ciniki kuwa ana kai ta inda ya kamata a cika alkawarin, ko inda wanda ake ƙara yake zaune ko yake sana'arsa. Ke nan in ka ba mutum buhu ɗari a Legas, a Legas zai biya, a Legas yake zaune, to alƙalin Kano ba shi da hurumi, ko da gidanku na kallon kotun.

Hurumi kuwa ba abin wasa ba ne. Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, Kotun Ƙoli ta nuna cewa shari'ar da aka yi ba da hurumi ba ta rushe, komai kyan yadda aka gudanar da ita. Ana iya tayar da wannan batu ko a wajen ɗaukaka ƙara. Sai ka kwashe shekaru kana kuɗin mota da na lauya, ka yi nasara, rana ɗaya a ce a koma farko. Ga bashin ciniki a Legas kuma, shekara 6 doka ta ba ka ka kai ƙara. Kana can kana yawo, lokaci na tafiya.

Masu ƙorafin nan, ku juya abin mana. Da doka ta bar mai ƙara ya zaɓi kotun da ransa ke so, wa zai fi shan wuya? Mu ne. Mu ke ciniki da mutanen Anacha da Aba da Fatakwal kullum. Kowannensu sai ya shigar da ƙara a ƙauyensu, Alhaji ya rufe rumfa ya kama hanya zuwa garin da bai san kowa ba. Dokar da ta hana ka jan wani zuwa Dawanau ita ce ta hana a ja ka. Ko inda aka halatta aika sammaci zuwa wata jiha, dokar tarayya ta isar da sammaci ta ce a rubuta hakan a jikinsa, a kuma ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30.

Wasu kuma in sun ga kotun gida ta gagara sai su ruga wajen 'yan sanda a kama mutum. Wannan ya fi muni. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa alkawarin ciniki kawai. Wanda ka sa aka tsare yana iya maka ka a kotu kan tauye masa haƙƙi, ka tashi daga mai bin bashi ka koma mai biyan diyya.

Na san za a ce kotu tana da tsada da jan rai. Gaskiya ne. Shi ya sa zuwa wajen Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa a yi sulhu yana da kyau, amma su ba su da ikon kwace dukiyar wanda ya taurare. Sai dai a 2018 Legas ta buɗe kotunan ƙananan bashi, don kuɗin da bai wuce naira miliyan 5 ba, da nufin gama shari'a cikin kwana 60, ba dole sai da lauya ba. Mu nawa ne muka taɓa leƙawa?

Iyayenmu, da girmamawa nake faɗa, ciwon yana wajenmu. Ana ɗora kayan miliyoyi a tirela da "Allah Ya kai lafiya" kawai. Ba takarda, ba shaida, ba a san unguwar da mutum yake kwana ba. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Mai son a yi shari'a a Kano, ya rubuta tun ranar ciniki cewa a Kano za a biya, kowa ya sa hannu. Mu da aka sa a makaranta, aikinmu ne mu riƙe biro a rumfar iyayenmu.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin. Wassalam.