Tabo A Huhu: Ba Kowane Tari Ne Tibi Ba

Yau filinmu zai leƙa asibiti ne, domin akwai wani ci gaba da likitoci suka samu wanda ya kamata kowace uwargida ta san da shi.

Sau da yawa akan ɗauki hoton ƙirjin mutum a ga wani ɗan tabo can gefen huhunsa. To, hoto ba ya faɗin ko mene ne. Yana iya zama tibi, ko tabon tsohon ciwo, ko kuwa sankara. Ba a tabbatarwa sai an tsakuro ɗan nama daga wurin an duba.

Nan fa ake yin ta. Hanyoyin iska na huhu kamar bishiya suke, maƙogwaro ne gindinta, rassan kuwa suna ta sirancewa har gefe. Tun 1966 wani likitan Japan, Shigeto Ikeda, ya ƙago siririyar mesa mai lanƙwasa wadda ake zurawa ta hanci ko ta baki a leƙa ciki, amma ba ta kaiwa ƙananan rassa. Saboda haka sai a soka allura ta tsakanin haƙarƙari. Aibin allura shi ne takan huda huhu, iska ta tsiyaye, huhun ya lotsa.

Yanzu kuwa ana fara ɗaukar hoton siti-sikan, kwamfuta ta zana taswirar rassan, kana ta yi wa likita jagora reshe bayan reshe har ya cimma tabon. A 2018 ma Amurka ta yarda a soma amfani da mutum-mutumi wajen tuƙa mesar.

A 2025 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 234 masu tabon da bai wuce santimita 1 zuwa 3 ba, watau daga ƙwayar gyaɗa zuwa goro. Mesa ta gano gaskiyar ciwon a kashi 79 bisa ɗari, allura kuwa kashi 74. Amma ga inda bambanci yake: huhu ya lotsa a kashi 28 na waɗanda aka soka wa allura, na mesa kuwa kashi 3 kacal.

Kina iya cewa ina ruwanki, tun da ba ki shan taba. Da ruwanki, 'yar'uwa. Irin sankarar huhun da ta fi kama matan da ba su taɓa shan taba ba, a gefen huhu ta fi tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta lissafa hayaƙin girki cikin abubuwan da ke jawo ta. Mu nawa ne ke wuni gaban murhu? A 2022 kaɗai wannan ciwo ya kashe mutum wajen miliyan 1.8 a duniya.

Waɗannan na'urori tsada gare su, ƙasashe masu arziki ne suka fi mallakarsu. Amma babbar matsalarmu a nan ita ce da an ga tabo sai zato ya tafi kan tibi, saboda yawansa a ƙasarmu. Maganin tibi wata shida ne. Idan sankara ce, wata shidan nan ba ta jira kowa ba.

Saboda haka idan tari ya wuce mako biyu, ki je a gwada majinar ƙirjinki. In ba a ga ƙwayar tibi ba, ko kin sha magani wata biyu babu sauƙi, kada ki daina shi da kanki. Ki koma wurin likita, ki tambaye shi cikin ladabi ko akwai bukatar siti-sikan da tsakuro nama a babban asibitin koyarwa. Haka za ki yi wa maigida da tsofaffinki. Tabon da aka gano yana ƙarami ana iya yanke shi a warke.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.