Masu farautar manyan lambobi su fara share bayan gida kafin hangen nesa

A watan Oktoban 2024 aka sanar da gano lamba mafi girma cikin lambobin da masana lissafi suka sani waɗanda ba sa rabuwa da komai sai 1 da kansu, irin su 7 da 31, waɗanda za mu kira gagara-raba. Ana samun ta ne idan aka jera 2 sau 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Alƙalumanta sun kai 41,024,320. Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, shi ya gano ta a ƙarƙashin shirin GIMPS, wanda George Woltman ya kafa a Amurka a 1996 domin masu aikin sa-kai su ba da aron ƙarfin kwamfutocinsu. Ita ce ta 52 da aka sani cikin jerin da ke ɗauke da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa na ƙarni na 17.

Irin wannan labari yakan ja sababbin masu sa-kai, kuma kusan kowa yana zuwa ne da burin sunansa ya shiga tarihi. A ganina, mai kwamfuta ɗaya ko biyu ya kamata ya fifita aikin da ba a yi masa tafi, wato sake tantance tsofaffin sakamako da tankaɗe lambobi, a kan neman sabon kambu.

Aikin shirin kashi-kashi ne. Akwai tankaɗe, inda ake neman ƙaramar lambar da za ta raba wadda ake zargi, a fitar da ita tun kafin a ɓata mata lokaci. Akwai gwajin farko, wanda kan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma daga nan ake samun suna. Sai gwaji na biyu. Shekaru da dama an yi amfani da gwajin Lucas da Lehmer, wanda kuskure ɗaya tak a cikin na'ura kan lalata sakamakonsa ba tare da kowa ya sani ba. Dole wata kwamfutar ta maimaita aikin, a ga amsoshin biyu sun dace. Daga 2020 an koma wa sabuwar hanya mai zuwa da hujjar da ake dubawa cikin ɗan lokaci, amma tulin tsofaffin gwaje-gwaje yana nan yana jiran mai maimaitawa. Har sai an kammala shi, ba wanda zai iya rantsuwa cewa babu wata gagara-raba da ta ɓuya a ƙasa da ta Durant.

Tarihin shirin ya nuna cewa baya ba ta rasa abin tsinta. A watan Agustan 2008 aka gano wata mai alƙaluma kusan miliyan 13 a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles. Bayan makonni biyu sai ga wata ƙasa da ita daga Jamus, a 2009 kuma wata ta ɓullo daga Norwe tsakanin su biyun. Haka nan wadda aka sanar a Janairun 2016: tun Satumban 2015 kwamfutar ta aika da sakamakon, ya yi watanni ba a lura da shi ba, sai da aka zo bitar bayanai.

Masu ra'ayin hangen gaba suna da hujjarsu. Gidauniyar EFF ta ware dala 150,000 ga wanda ya fara gano mai alƙaluma miliyan 100, kuma na'ura ta mutum ce, shi ke biyan kuɗin wuta. Gaskiya ne. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk lokacin da tsawon lamba ya ninka biyu, aikin gwada ta yakan haura ninki huɗu, damar dacewa kuma ta ragu da kusan rabi. Durant kansa ya yi nasara ne da dubban na'urorin sarrafa hoto da ya yi haya a cibiyoyin bayanai na ƙasashe 17. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka da ya karɓi irin wannan aiki zai riƙe shi watanni masu yawa, wataƙila ya watsar a tsakiya, a sake miƙa wa wani bayan wa'adi ya cika. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka tsarin da nake ganin ya dace shi ne kowa ya auna ƙarfinsa. Sabuwar na'ura ta fara da gwaji na biyu, domin a nan ake gane ko tana fitar da amsa mai inganci. Mai katin sarrafa hoto ya taimaka da tankaɗe, inda irin wannan kati ya fi sauri. Wanda wutar lantarki ba ta zama masa, kamar yawancinmu a nan, ya zaɓi gajerun ayyuka. Manhajar Prime95 tana adana inda ta tsaya, amma wa'adin aiki ba ya jiran kowa. Wanda ya ga ba zai iya kammalawa ba ya mayar da abin da ya karɓa da wuri.

Akwai kuma gargaɗi ga ma'aikaci: ƙa'idar shirin ta hana ɗora manhajar a kan kwamfutar da ba taka ba sai da izinin mai ita. Kwamfutar ofis da wutar da take sha dukiyar jama'a ce, kyakkyawar niyya ba ta halatta ta.

Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin bambancin ƙaddamar da sabon aiki da rufe tsohon fayil. Na farko ake ɗauka a hoto, na biyu kuwa shi ke sa a yarda da rahoton ƙarshen shekara. Shirin GIMPS yana da masu neman hoto da yawa. Abin da ya fi buƙata yanzu shi ne masu haƙurin rufe fayil.