Itacen da ake dasawa don hoto

Duk shekara idan watan Yuni ya kama, sai Tamale ta cika da korayen riguna. A fito da ɗalibai daga aji a jera su cikin rana, wani babba ya iso da jerin motoci, ya durƙusa da farar shadda, ya sa dashe ɗaya a rami, a ɗauki hoto. Ni ma na taɓa shiga sahu. Malamin makaranta ne ni, kuma da hannuna na raba wa yara dashe. Kafin hunturu ya wuce awaki sun cinye rabi, wutar daji ta ƙarasa sauran. Ba wanda ya dawo ya duba. Da shekara ta zagayo aka sake kawo mana wasu, muka dasa su a ramukan bara.

Wannan wasa ba yau aka fara shi ba. A 2012 hukumar SADA, wadda aka kafa don raya arewacin Gana, ta ba da kwangilar dasa itace miliyan 5 a kan kuɗi sama da sidi miliyan 30. Da ɗan jarida Manasseh Azure Awuni ya bi sawu, matattun dashe da ƙonannun filaye ya tarar a wurare da dama. An yi surutu a rediyo, aka manta. A 2021 aka zo da ranar Green Ghana da burin miliyan 5, a 2022 aka ce miliyan 20. Kullum lissafin abin da aka dasa ake shelantawa. Ni lissafin da nake so in ji shi ne na abin da ya kai shekara uku da rai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne, kuma 'yan'uwanmu Hausawa ne suka gwada shi duniya ta gani. A yankin Maraɗi, wajen 1983, wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya gaji da dasa itacen da ke mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsirrain da manoma ke sarewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwa ne masu tsohuwar saiwa a ƙasa. Aikin kawai shi ne manomi ya zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi, ya datse sauran, ya tsare su. Ba ban ruwa, ba leda, ba motar dako. Mutanen Maraɗi suka kira shi sassaben zamani. Yau ana ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 na ƙasar Nijar sun farfaɗo ta wannan hanya. Gawo ya dawo gonaki, shi da ke zubar da ganye da damina ya taki ƙasa ba tare da ya tare wa gero rana ba.

Kada wani ya ce ai can Nijar ne. Tun 2009 World Vision ta kai dabarar Talensi, kusa da Bolgatanga, kuma ta karɓu. Tafiyar 'yan awoyi ce daga Tamale. To me ya hana ta zama aikin ƙasa? Amsata ba za ta yi wa wasu daɗi ba: babu kwangila a cikin kututture. Ba wanda zai sayar wa manomi saiwar da ke gonarsa tun zamanin kakansa.

Ban ce abin ba shi da ƙaya ba. Mai tarakta ba ya son kututture, sai manomi ya tumɓuke kafin ya yarda ya yi masa huɗa. Wuta kuma, dokar hana ƙona daji ta 1990 tana nan a takarda, amma kowane rani samari na cinna wa daji wuta don farautar gafiya da zomo. Ga batun mallaka, wanda shi ne babba. A ƙasar Dagomba ɗorawa ta sarki ce ko da a gonarka ta tsiro, kuma dokar Gana ta ɗora itacen katako da ya fito da kansa a hannun gwamnati. Mutumin da ya ari gona, wanda bai san ko baɗi za a bar masa ita ba, don me zai yi renon itacen wani?

Maimakon a taɓa waɗannan, sai a ɗora laifi kan matar da ke toya gawayi. Ita ce mai sauƙin zagi. Amma buhunan da ake lodawa zuwa Kumasi da Ankara ba ita ke girki da su ba, kuma ta fi kowa sanin darajar kaɗanya, tunda da man kaɗe take biyan kuɗin makarantar yaranta.

A damunar 2024 ruwa ya ɗauke makonni a arewa, masara ta bushe a tsaye, har gwamnati ta hana fitar da hatsi waje a watan Agusta. Duk wanda ya je cefane kasuwar Aboabo ya ji a aljihunsa. Muna da cibiyar binciken noma ta SARI a Nyankpala, muna da jami'ar UDS, muna da sarakunan da idan suka hana wuta za a ji. A ɗauki rabin kuɗin riguna da man motocin ranar dashe a ba malaman gona, su zauna da manoma da sarakuna a rubuta wane ne mai itacen da aka rena. Duk mai son hoto kuma ya zo a watan Maris, lokacin da ƙasa ta ƙone, ya tsaya kusa da abin da ya dasa.