Raddi Ga Masu Cewa Yaron Firamare Bai Isa Gwajin Kimiyya Ba

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo a tsakanin wasu malamai da masu makarantu, har da iyaye, cewa ɗan aji ɗaya zuwa aji uku na firamare ba shi da abin yi da gwajin kimiyya. A wurinsu, sa yara su shuka wake a gwangwani ko su auna inuwa ɓata lokaci ne. Abin da ya dace, in ji su, shi ne malami ya rubuta a allo, yara su kwafa su haddace, gwaji kuma ya jira sakandare inda aka gina masa ɗaki. Da yawa daga masu wannan magana sun tsufa a aikin koyarwa, don haka hujjojinsu sun cancanci amsa ɗaya bayan ɗaya. Na auna su, ban ga wadda ta kai ga hukuncin da suke yankewa ba.

Hujjarsu ta farko ita ce ƙuruciya: wai hankalin ɗan shekara shida ko bakwai bai kai ya gane dalili da sakamako ba. Mai son ƙarfafa wannan zai iya kawo Jean Piaget, masanin Suwizalan da ya rasu a 1980, wanda ya nuna cewa idan aka juye ruwa daga kofi mai faɗi zuwa dogo siriri a gaban ƙaramin yaro, sai ya ce ruwan ya ƙaru. Amma binciken Piaget ɗin ne ke rusa musu hujja. Abin da ya gano shi ne, daga wajen shekara 7 zuwa 11 yaro yana iya tunani mai tsari a kan abin da yake gani yake taɓawa, tunani a kan zallar magana kuwa sai daga baya yake ƙarfi. Ke nan darasin allo ne ya fi ƙarfin yaron. Wanda ruwa a kofi yake ruɗawa, ta yaya zai fahimci jimlar da ke bayanin tururi da Turancin da bai gama koyo ba? Zai rera ta tare da 'yan aji, ya kuma rubuta ta a jarrabawa, amma babu abin da ya shiga kansa. Wannan ba sabuwar fahimta ba ce a ƙasar nan. A Kano aka yi taron 1965 da ya haifar da shirin kimiyyar firamare na Afirka, kuma darasinsa da ya fi shahara a kan kurkudu aka gina shi: yara su nemo raminsa a rairayi, su lura da yadda yake tafiya da baya da yadda yake kama tururuwa, idan sun yi tambaya a ce su koma su duba. Yaron da ya iya tono kurkudu ya isa a koya masa lura.

Sai maganar kuɗi, cewa makarantar da ba ta da kujeru ba za ta iya kimiyya ba. A nan an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato ɗakin gwajin sakandare da abin da ɗan firamare yake bukata. A zuba ruwan zoɓo a kofi uku, a matsa lemun tsami a ɗaya, a ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, a bar na uku yadda yake: na farko zai ƙara ja, na biyu zai juye ya yi duhu-duhu mai kore. Yaro ya ga canjin sinadari da idonsa, ya kuma koyi dalilin barin kofi ɗaya ba a taɓa ba, wanda shi ne ginshiƙin duk gwaji. Ƙwai yana nutsewa a ruwan sha, ya taso idan an narka gishiri da yawa. Garin ƙwayar zogale yana kwantar da laka a ruwa mai gurɓi. Sanda a tsakar makaranta tana nuna inuwa tana raguwa har rana ta take tsaka, sannan ta fara tsawo ta ɗaya gefen, abin da malamanmu suka daɗe suna gane zawali da shi. Randa kuwa tana sanyaya ruwa saboda gumin da ke tsattsafowa jikinta yana bushewa ya tafi da zafi, kuma a kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Yawancin waɗannan kuɗinsu bai kai na littafin rubutu ba.

Sun kuma ce yaranmu da yawa suna gama aji uku ba su iya karatu ba, don haka a ba karatu da lissafi lokacin duka. Damuwar gaskiya ce, maganin ne kuskure. Georges Charpak, wanda ya samu kyautar Nobel a fizis a 1992, ya assasa shirin gwajin kimiyya a firamarorin Faransa a 1996, kuma cikin sharuɗɗansa akwai cewa kowane yaro ya riƙe littafin da zai rubuta abin da ya gani da kalmominsa. Yaron da ke auna tsiron wake kowace safiya ya rubuta tsawonsa yana lissafi, yana rubutu, kuma yana da abin da yake ɗokin faɗa.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta bincike, kuma a kanta ya kamata a tsaya. Gaskiya ne cewa a 2006 wasu masana, Kirschner da Sweller da Clark, sun wallafa maƙala mai nauyi suna nuna cewa barin ɗalibi ya gano ilimi da kansa, ba tare da jagora ba, ba ya aiki. Gaskiya ne kuma cewa a 2004 wasu masu bincike, Klahr da Nigam, sun gwada yara 112 'yan aji uku da huɗu a Amurka, suka samu kashi 77 cikin 100 na waɗanda aka yi wa bayani kai tsaye sun ƙware wajen tsara gwaji mai kyau, waɗanda aka bari su lalubo da kansu kuwa kashi 23 kawai. To, amma a duba yadda aka yi binciken. Duka rukunan biyu sun yi aiki da katako mai gangara da ƙwallaye, suna canza tsayin gangarar ko santsin samanta suna kallon nisan da ƙwallo zai yi. Bambancin kawai shi ne, a rukuni ɗaya malami ya nuna ya kuma bayyana dalilin da ya sa ake canza abu ɗaya tak a bar sauran. Babu rukunin da aka zaunar yana kwafar allo. Abin da binciken ya kayar shi ne sakaci, a zube wa yara kaya a koma gefe, kuma a kan wannan ina tare da su ɗari bisa ɗari. A 2011 wani masani mai suna Alfieri da abokansa sun tattara bincike 164, suka samu cewa lalube ba jagora ya kasa koyarwa kai tsaye, amma ganowa tare da jagorar malami, inda yake tambaya yana gyara, ya fi sauran hanyoyin amfani. Wanda ya ɗauki rabin farko na wannan sakamako ya bar na biyu bai yi wa binciken adalci ba.

Saura cunkoso da haɗari. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35, kuma kowa ya san akwai azuzuwan da suka haura 100. Wannan yana wahalar da gwaji, kamar yadda yake wahalar da karatu da lissafi, amma ba wanda ya ce a daina koyar da su saboda haka. Ana raba yara rukuni-rukuni a ƙarƙashin bishiya, ana ba su shuka su kai gida su dawo da labari, wuta da kwalba mai fashewa da duk abin da zai iya shiga ido kuma su tsaya a hannun malami. Manufar da ta ambaci 35 ɗin ita ce ta ce koyarwar firamare ta kasance ta aiki da bincike da gwaji, don haka masu soke gwaji su ne suka saɓa wa tsari.

Inda aikin yake shi ne wajen malami. Wanda bai taɓa yin gwajin zoɓo da hannunsa a kwalejin ilimi ba zai ji tsoron yin sa a gaban yara, sai ya fake da allo. Ina kira ga kwalejojin ilimi su sa kowane ɗalibin da zai koyar a firamare ya yi irin waɗannan gwaje-gwaje kafin a ba shi takardar shaida, ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su sa masu duba makarantu su riƙa tambayar abin da yara suka yi da hannunsu, ga shugabannin makarantu kuma su ware darasi ɗaya a kowane mako don gwaji, tun daga aji ɗaya.